Nikko, garin da itatuwa suke yi wa baƙo rakiya

'Yan uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu kai ku ƙasar Japon, can gabas mai nisa. Akwai wani gari cikin duwatsu, sunansa Nikko. Daga Tokyo, babban birnin ƙasar, tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa.

Yawancin mutanen Japon suna bin addinin Shinto da na Buda. A shekarar 766 wani malamin addinin Buda mai suna Shodo ya gina ɗakin ibada a Nikko. Yau tsofaffin gine-ginen wurin sun kai 103.

Wanda ya fi suna shi ne Toshogu. Nan aka binne Tokugawa Iyeyasu, shugaban da ya haɗa kan ƙasar bayan yaƙe-yaƙe. Ya rasu a 1616. Jikansa ya sake gina wurin a 1636, ya ƙawata shi da zinariya.

Kafin baƙo ya shiga, sai ya wanke hannu da baki a wani kwami na dutse. A bakin ɗakin ibada ya tuɓe takalmi. Mai son ganin kabarin sai ya hau matakala 207.

Makiyaya, ga naku. A harabar akwai bargar doki. Bisa ƙofarta an sassaƙa birai. Ɗaya ya toshe kunne, ɗaya ya rufe baki, ɗaya ya rufe ido. Nufinsu: kada ka ji mugun abu, kada ka faɗe shi, kada ka dube shi. Mutanen da sun ɗauka biri yana kare doki daga ciwo.

Amma abin da ya fi tsayawa a rai yana kan hanya. Wani hakimi, Matsudaira Masatsuna, ya fara dasa itatuwa a 1625, dama da hagu, a hanyoyin shiga garin. Sunan itacen sugi. Ya yi shekara fiye da 20 yana wannan aiki. Layin ya zarce kilomita 35. Waɗansu itatuwan sun kai mita 30. Matafiyi yana tafe cikin inuwa har gari.

Sai dai itatuwan suna raguwa. Tsufa da guguwa da hayaƙin motoci suna kashe su. Waɗanda suka rage wajen 12.000 ne. Tun 1996 hukuma take sayar da itace ɗaya yen miliyan 10. Mai saye ba ya sare shi. Yana nan tsaye inda yake, ribar kuɗin kuwa da ita ake kula da saiwoyi.

Gini in ya lalace, magina su gyara shi. Itacen da ya shekara 400 in ya faɗi, sai jikokin jikoki su ga kamarsa.