Ciwon Gida

A watan Agusta na 2023 na kwana uku a Magama ta Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar, daga ni sai jaka da wani ɗan littafin koyon harshen mutanen Holan. Na sami gurbin karatun noma a Jami'ar Wageningen, saura mako biyu in tashi, sai na ce bari in je Maraɗi in yi sallama da kakata, wadda ta goye ni. Na san an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, amma na ce ƙila a buɗe.

Ga manyan motoci jere, direbobi kwance ƙarƙashinsu. Ni kuwa na sami bencin mai shayi, na buɗe babin kalmomin abin da zuciya ke ji. Mu dai Hausawa ciki muke fenta wa launi, ko fari ko baƙi. Su kuwa mai farin ciki blij suke ce masa, baƙin ciki verdriet, mai fushi boos, mai jin tsoro bang. Na yi ta hadda kamar ɗan makarantar allo, har na zo kan heimwee, watau kewar gida. In ka fasa kalmar, ma'anarta ciwon gida. Na ce lalle wannan zan bukata can cikin sanyi.

Ran nan wani ɗan acaɓa ya ce, "Malam, hau in bi da kai ta daji, kafin la'asar kana Maraɗi." Na kira Baba. Ya ce, "Kul! In aka kama ka, ina karatun?" Na ce, "To, Baba." Amma gaskiya ba biyayya kaɗai ta hana ni ba, har da bang ɗin nan. Na koma Katsina.

Ina Holan cikin Janairun 2024 aka aiko mini Kaka ta rasu. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris. Daren nan na jawo littafin, na ga wata kalma da na tsallake a Magama don ban ga amfaninta ba: spijt, watau da-na-sani. Yanzu kam ba sai na yi haddarta ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.