Ciwon da ke zuwa bayan an gama barka

Watannin baya wani maƙwabcinmu ya faɗi da babur, kansa ya bugu da kwalta. Kwanansa goma a asibiti aka sallame shi, muka je muka yi masa barka da arziki. Bayan kamar wata biyu sai tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa kamar an manna ta da ƙasa, ga mantuwa, ga fitsari na kufce masa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Da ƙyar ƙaninsa ya mayar da shi asibiti, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ruwa ne ya taru.

Abin ya tsaya mini a rai. Allah Ya kewaye ƙwaƙwalwar kowannenmu da wani ruwa garai-garai mai kare ta. Kullum jiki na samar da kusan rabin lita, yana kuma shanye shi zuwa cikin jini. Idan kai ya bugu, jinin da ya zuba a ciki kan toshe hanyar, kamar yadda shara ke toshe kwata da damina. Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa, sai ƙwaƙwalwa ta matsu. Wani lokacin nan take, wani lokacin sai bayan makonni ko watanni.

Akwai magani. Likitoci kan dasa siririn bututu a ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ya riƙa kwashe rarar ruwan. A shekarar 1960 tasi ta buge keken jaririn marubucin nan na Birtaniya, Roald Dahl, a birnin New York, ruwa ya taru a kan yaron. Bututun da aka saka masa ya yi ta toshewa. Uban bai zauna ba, ya haɗa kai da wani injiniya da wani likitan ƙwaƙwalwa suka ƙera sabon bawul na irin wannan bututu, wanda dubban yara suka amfana da shi.

'Yan uwa, sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. In naka ya bugu a ka, daga baya ka ga yawan barci, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko tangaɗi, ka mayar da shi a yi hoto. A yi addu'a, a kuma nemi likita. Masu babur, don Allah a sa hular kwano.

An yi wa maƙwabcin namu aiki, jiya na gan shi ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci. Allah Ya ƙara masa lafiya.