ƘASAR KAGOMA DA HANYOYINTA NA BURJI, GA MAI TAFIYA A KAN KEKE

Fadan Kagoma gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, yana kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi. Nan ne mazaunin sarkin ƙasar, wanda mutanensa suke kira Kpop Gwong, gama su a harshensu Gwong suke ce wa kansu, Kagoma kuwa suna ne da ya bi bakin Hausawa. Wanda ya ratsa garin a cikin mota ba zai ga abin da ya wuce kwalta da rumfunan bakin hanya ba, kafin ya gyara zama ya riga ya wuce. Ainihin ƙasar tana can ciki, a kan hanyoyin burji da turbobin gona waɗanda suka rabu da kwalta dama da hagu, kuma babu abin hawan da ya dace da su kamar keke.

A Turai da Amurka yanzu hawan keke a kan burji ya zama wasa mai zaman kansa. Ana ƙera masa kekuna masu faffaɗar taya da giya iri iri, mutane su bar titi su shiga daji da gangan don neman ƙura da tsakuwa. A jihar Kansas ta Amurka akwai tseren mil 200 da aka fara a 2006, a ƙasar Italiya kuma aka yi gasar duniya ta farko a 2022. Wannan labari zai ba tsofaffin Kagoma dariya, domin abin da waɗancan suke biyan kuɗi su yi, su sun yi shi shekara da shekaru da buhun citta a kariya, a kan Raleigh ko Phoenix marar giya ko ɗaya. A zamanin En'e har lasin ake yanka wa keke, kuma malamin makaranta ko mai wa'azi da ya mallake shi ya zama abin nuni a ƙauye. Babur ya zo ya karɓe yawancin wannan aiki, amma keken bai mutu ba, ana ganinsa da sassafe a hanyar gona da fartanya ɗaure a bayansa.

Mafi yawan matafiya daga Kafanchan suke tasowa. Garin jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927 saboda kuza. Albarkar tashar ce ta jawo Sarkin Jama'a ya baro tsohon mazauninsa ya dawo nan a 1933. Harkar jirgin ta ja baya ƙwarai, sai dai gine-ginen tashar da gidajen ma'aikata suna nan suna shaida abin da aka yi a da. A nan ya kamata mai keke ya duba birkinsa, ya sayi tiyub da kayan faci, ya ɗaura famfo, domin masu gyaran keke sun yi ƙaranci a ƙauyuka tun da samari suka koma gyaran babur.

Da an bar gari aka karkata yamma maso kudu, sai ƙasa ta fara hawa da sauka. Tudun ba su da tsawo irin na dutsen Kagoro da ake hange a baya, amma ba sa ƙarewa, kana gama ɗaya wani ya tare ka. A bisa tudu ƙasar fako ce, marmara ja da tsakuwa, ciyawa gajera da 'yan itatuwa jefi-jefi, kaɗanya da ɗorawa da kirya. A irin wannan wuri keke yana gudu kamar a kan siminti, ba a jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Haɗarin yana wajen gangara. Ruwan damina yakan tsaga hanya ya bar kwari a tsakiyarta, kuma tsakuwar marmara mulmulalliya ce, wanda ya matse birkin gaba da ƙarfi a kanta sai ya tsinci kansa a ƙasa. Mutanen wurin na baya suke ja a hankali, ƙafa ɗaya a shirye.

A ƙarshen kowace gangara akwai rafi, a bakin kowane rafi kuma akwai kurmi. Wannan shi ne abin da yake ba baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina mamaki. Yana cikin rana tsaka yana zufa, taki ashirin kawai sai ya shiga duhuwa mai sanyi, kwakwar manja da gora da manyan itatuwa sun haɗe kai a sama, ƙasa ta koma baƙa mai laushi, tsuntsaye suna kuka ba a ganinsu. Dalili kuwa shi ne ruwa. Iskar damina da ta taso daga kudu takan ci karo da gefen tsaunukan Jos ta zubar da abin da ta ɗauko, saboda haka ruwan wannan yanki ya fi na Zariya nesa ba kusa ba, daga Afrilu har Oktoba. Babban misalin irin wannan daji shi ne kurmin Nindam kusa da Kagoro, inda masana tsuntsaye suka sami waɗansu irin da a da ake zaton sai can kudu. Ƙananan kurame na bakin rafi kuwa gatari da gawayi suna cin su shekara bayan shekara, kuma inda aka sare su rafin yakan ƙafe da wuri, abin da matan da suke ɗiban ruwa suka riga kowa sani.

Inda babu gada, sai a sauka a saɓa keke a kafaɗa a tsallaka. A watan Agusta wannan ba abin wasa ba ne, rafin da aka taka da safe yana iya kai wa mutum ƙirji da la'asar in an yi ruwa a kan tudu, ga laka mai kama taya har ta hana ta juyawa. Shi ya sa lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, sanyin hunturu kuma yana rage wahalar hawa.

Lokacin ya yi daidai da haƙar citta, wadda ita ce dukiyar ƙasar Kagoma da Jaba da Kachia. Ana shuka ta da farkon damina, a rufe kunya da ganye don kada rana ta ƙona iri, a yi ta cirar ciyawa da hannu. In an haƙe sai a tsaga ta biyu a shanya a kan fa ko a farfajiya, mai wucewa a keke tun daga nesa ƙamshinta yake tarye shi. Da kuɗinta ake biyan makaranta, ake rufin kwano, ake aure. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa mata, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, gonaki masu yawa a kudancin Kaduna suka tashi a tutar babu. Abin da ya fi ciwo shi ne irin shuka, domin citta da cittar ake shuka ta, wanda gonarsa ta mutu ya rasa amfanin bana ya rasa irin baɗi. Da yawa sun koma wa gangamau da masara da doya da acca kafin su farfaɗo.

Sunan Fadan Kagoma ya shiga kunnen Nijeriya ne ta dalilin ɗanta, marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka haifa a nan a 1948. Ya zama Gwamnan Jihar Kaduna a watan Mayu na 2010 bayan an ɗauki Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya kuma ci zaɓe a 2011, shi ne mutum na farko daga kudancin jihar da ya hau wannan kujera. Ya rasu ran 15 ga Disamba 2012 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa, aka kawo shi gida aka binne. An sa wa babban asibitin Kafanchan sunansa.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin faɗi amma tilas a faɗe ta. A 2016 da 2017 an kai munanan hare-hare a wannan yanki, a Godogodo da Goska da kuma Asso ta ƙasar Kagoma, an yi asarar rayuka, zukata kuma ba su gama warkewa ba. Saboda haka baƙo ba ya kutsa kai cikin daji haka kawai. Ladabin ƙasar shi ne ya fara zuwa wurin mai unguwa ya yi gaisuwa, ya faɗi inda ya fito da inda ya nufa, a haɗa shi da ɗan gari, kuma ya tabbata ya komo kan kwalta kafin rana ta faɗi. Hausa tana ci a ko'ina a nan, a kasuwa da majami'a da rugar Fulani, don haka babu wahalar tambaya. Wanda ya yi sallama ya sauka daga kekensa yakan sami ruwan sha da kwatancen hanya, wani lokaci har da lemo ko rake a kariya.

Mai sauran ƙarfi a ƙafarsa sai ya zarce zuwa Kwoi, babban garin mutanen Ham, daga can ya gangara ƙauyen Nok. A nan ne masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, daga baya wani Bature mai suna Bernard Fagg ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ne wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har ta san narka ƙarfe. Ɗaya daga cikin kawunan da suka fi suna, wanda ake kira Kan Jama'a, wani akawun wurin haƙar kuza ne ya kafa shi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Fagg a 1943. Ɓarayin kayan tarihi sun yi wa ƙasar mugun tono tun daga wancan zamani, an kwashe da yawa zuwa ƙasashen waje. Manoman yankin har yanzu sukan ce fartanya tana ɗago musu fasassun tukwane a gona bayan ruwan farko.