Kaleta da Tashe: Kirsimeti a Idon Yaron Zongon Kwatano

A Kano, yaron da ya tashi cikin ganuwa yana iya balaga bai taɓa ganin bikin Kirsimeti da idonsa ba, domin tun wajajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari ga baƙin da suka zo daga kudu, ta yadda majami'u da shagalinsu suka taru a gefe guda. A Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, Bahaushe ne baƙon da aka san shi da unguwa guda, wato Zongo, wadda take a kewayen babban masallacinta, ba nisa da kasuwar Dantokpa. Ƙidayar 2013 ta nuna cewa Kiristoci su ne kashi 48.5 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, Musulmi kuwa kashi 27.7, saboda haka ranar 25 ga Disamba takan iske yaron Zongo har ƙofar gida, ko da ba a yin bikinta a ɗakin uwarsa.

Abin da ya fi zama a zukatan waɗanda suka yi ƙuruciya a kudancin ƙasar shi ne Kaleta, wasan da yara maza ke yi a ƙarshen shekara, inda ɗaya ko biyu ke rufe fuska su yi rawa, sauran kuma suna kaɗa gwangwanaye da kwalabe suna waƙa, gida-gida, ana ba su 'yan kuɗi. Ana danganta asalinsa ga Aguda, wato 'yantattun bayi da zuriyarsu waɗanda suka komo daga Birazil suka zauna a Ouidah da Porto-Novo, musamman bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia da ke Birazil a 1835. Cikin masu komowar akwai Musulmi, har da Hausawa, kuma babban masallacin Porto-Novo, wanda aka gina da fasalin majami'un Bahia, shaida ne a kan haka.

Duk wanda ya san Tashe zai gane wannan wasa nan take. Tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai goma, shi ma yawon dare ne na yara, da shigar ban dariya, da gemun auduga, da kiɗan gwangwani, da sadakar hatsi ko kwabbai daga matan gida. Sai dai Tashe yana da mazauni a tsarin gari, tunda a Kano har sarautar Nalako ake da ita, mai jagorantar zolayar gwauraye, kuma wasanninsa kan ɗauki darasi game da aure da rowa da lalaci, alhali Kaleta ya fi karkata ga rawa da ɓoye kamanni. A nan ne uban Zongo kan tsaya ya yi tunani, domin a kudancin Benin rufe fuska yana tuna wa mutum Egungun, dodannin da ke wakiltar kakanni, da Zangbeto, masu gadin dare na addinin Vodun. Kaleta wasan yara ne da ba shi da alaƙa da ibada, amma uba da yawa kan yarda ɗansa ya tsaya kallo, ya hana shi sa abin rufe fuskar.

Wannan iyaka da iyaye ke shatawa ita ce ainihin abin da ya bambanta tunanin ƙuruciya a wuraren biyu. Bakano yana tuna mahaifinsa da ɗinkin Sallah, da riƙe masa hannu zuwa Idi, da ɗaga shi a kafaɗa don ya hango Hawan Daushe, al'amuran da gari gaba ɗaya ya yarda da su. Ɗan Zongo yana da irin wannan, amma yana kuma tuna uban da Disamba ke zame masa kakar ciniki, ko mahauci ne, ko mai tsire, ko ɗan canji, da uwar da ke karɓar kwanon shinkafa ko amiwo, wato tuwon masara mai jan launi da ake ci da kaza, daga maƙwabciya Kirista, bayan ta tabbatar da wanda ya yi yankan. Akwai maƙwabtan da kan kai wa Musulmi kazar ya yanka tun farko don kawar da wannan shakka, kuma idan Layya ta zo, wadda ake kira Tabaski a can, kwanon nan yakan koma da soyayyen naman rago.

Malamai sun saɓa kan halaccin taya murnar Kirsimeti, kuma muhawarar da ake ji a wa'azin Kano tana isa Zongo ta wayoyin hannu. Amma mai fatawa daga nesa ba ya haɗa katanga da famfo da wanda ake magana a kansa, shi ya sa hukuncin iyayen Zongo ya fi dacewa da zamansu. Gwamnatin Benin dai tana ba da hutu a Kirsimeti, da Sallah ƙarama da babba, da Mauludi, da kuma bikin addinan gargajiya na watan Janairu.