Zumunta A Ƙafa Take: Daga Kolumbus Zuwa An Arbo

Da asubahin ranar Asabar, 25 ga Nuwamba, 2023, muka tashi daga Kolumbus, babban birnin Jihar Ohayo ta Amurka, cikin bas maƙil da magoya bayan Jami'ar Jihar Ohayo, kowa da jar riga. An Arbo muka nufa, tafiyar kilomita kamar 300, inda za a kara da Jami'ar Mishigan. Mai karatu ya sani ƙwallon tasu siffar ƙwai gare ta, kuma runguma ake yi a sheƙa da ita.

Da muka iso Toledo, dattijon da ke kusa da ni ya nuna mini garin, ya ce a kansa Ohayo da Mishigan suka ja daga a 1835. Su kuwa jami'o'in, tun 1897 suke gwabzawa. A kakar wasan ta 2023 ba a taɓa kayar da ko ɗayansu ba kafin wannan rana.

Filin Mishigan, wanda aka buɗe a 1927, yana cin mutum 107,601. Muka zama 'yan tsiraru a tsakiyar masu shuɗi da rawaya, ihunmu bai wuce kunnuwanmu ba. Aka tashi 30 da 24, mu ne a ƙasa.

A kan hanyar komowa motar ta yi tsit kamar gidan makoki. Can sai dattijon nan ya buɗe filas ya zuba mini shayi, ni baƙon da ko sunana bai sani ba, sauran kuma suka shiga miƙa wa juna ragowar guzuri. To, jama'a, ranar nasara kowa naka ne. Ranar kaye ake gane abokin tafiya.