In injin ban ruwa ya ƙi tashi, a bar yara su matso

Duk shekara idan damina ta ɗauke, aka shiga Oktoba zuwa Nuwamba, akwai ƙarar da ake ji tun daga Gulbin Maradi har fadamun Galmi da Tabalak: ana jan igiyar injin ban ruwa, yana tari yana yin shiru. An ajiye shi wata huɗu ko biyar a ɗaki, yau an fito da shi don aikin rani, ya ce bai san zancen ba. Haka masu injin yankan ciyawa ke fama a Turai da Amurka idan sanyi ya wuce, don kusan inji iri ɗaya ne, mai fistan guda, mai shan isansi. Sai dai su ciyawar ƙofar gida ce ke jiransu. Mu kuwa dashen albasa ne da salati, waɗanda ba su yafe kwana uku babu ruwa.

A makarantar da nake koyarwa muna da irin wannan injin, wanda iyayen yara suka haɗa kuɗi suka saya wa lambunmu. Ɗan Sin ne, kwaikwayon Honda GX160, irin wanda ya cika kasuwanninmu. Abin da na saba gani duk ranar da ya ƙi tashi shi ne manya su kewaye shi, kowa ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, wani ya ce a buga nan, wani ya ce ai ya mutu. Yaran da suka leƙo kuma a ce musu, “Kai, ku ba mu wuri!” Daga nan sai a aika wa bakanike a gari, a yi ta jira, shuka tana yaushi. Ni a ganina babu darasin kimiyya a duk shekarar da ya kai wannan, kuma shi ne muke korar yara daga gare shi.

Inji irin wannan abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: mai, iska, wuta da matsi. In ya ƙi, ɗaya daga cikinsu ne bai iso ba. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne, ya fara daga abin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya bukatar kwance komai, ya taɓa abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu. Wannan ƙa’idar ta ƙarshe ita ce ta fi wuya, har ga manya. Wanda ya canza buji, ya wanke karbireta, ya zuba sabon mai duk a lokaci guda, ko injin ya tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma baɗi zai sake biyan kuɗin duka ukun.

Muna farawa da abubuwan da ake jin kunyar tambaya. Kwantak a kunne yake? An buɗe famfon mai? An rufe cok, tunda injin da sanyinsa? Akwai isansi a tanki? Sai baƙin mai. Yawancin waɗannan injuna suna da wata ƴar na’ura da ke yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, don kada injin ya ƙone. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da kusan lita 0,6, saboda haka ɗan ragi kaɗan ya isa. Wata yarinya ƴar ajin CM2 ce ta taɓa ba mu mamaki a nan. An duba baƙin mai a ɗaki an ga ya kusa daidai, an kai inji bakin rijiya ya ƙi tashi. Ta ce, “Malam, ai a karkace yake.” Gaskiyarta, an ɗora shi kan gangare, mai ya taru gefe guda, na’urar ta ɗauka babu. Aka sa masa katako ya daidaita, ja biyu ya kama. Yarinyar nan ba ta cika magana a aji ba. Tun ranar na daina mamakin ganin hannunta a sama.

In waɗannan duk lafiya, sai a kwance buji, don shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In ya fito a jiƙe yana warin isansi, mai yana isowa, har ya yi yawa saboda yawan jan igiya da cok a rufe. A shanya shi, a buɗe cok, a ja igiya sau biyar ko shida babu buji don ɗakin ya bushe. In ya fito baƙi ƙirin da toka, a goge shi da burushin waya, a duba tazarar bakinsa, wadda ya kamata ta kasance milimita 0,7 zuwa 0,8. Sa’an nan a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, a ja igiya. Ƴar wuta shuɗiya za ta yi tsalle. Ban taɓa nuna wa yara wannan ba tare da sun yi ihu ba, kuma bayan haka ba na wahala wajen bayyana musu abin da ake nufi da lantarki.

In kuwa buji ya fito a bushe ƙayau bayan an sha ja, to mai ne ba ya isowa, kuma a farkon rani wannan ne ya fi yawa. Isansin da ya kwana watanni a karbireta yakan bushe ya bar wani danƙo, ya toshe jiklar, wato ɗan ƙarfen da raminsa bai fi bakin allura ba. Ga kuma man kwalba na bakin hanya, wanda wani lokaci yakan zo da ruwa ko ƙasa. A kwance ƙusar da ke ƙarƙashin ƙoƙon karbireta, a tari abin da ya fito a kwalba mai haske. Ruwa ya fi isansi nauyi, sai a ga ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. A fitar da jiklar a wanke da mai mai tsabta, a hura da famfon keke. Kada a soka masa allura ko ƙusa: in ramin ya faɗaɗa, injin zai riƙa zuƙar mai yana baƙin hayaƙi har ƙarshen ransa.

Matatar iska ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san ƙurar hunturu. Soso ne, a wanke da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Masu cire ta gaba ɗaya su ce inji ya fi numfashi, yashi suke ba fistan ya ci.

Saura matsi, kuma nan ne iyakarmu. In igiya tana zuwa salalaf babu wata turjiya, ko dai bawul ya maƙale ko ringin fistan sun cinye. Wannan aikin bakanike ne, a kai masa, a biya shi haƙƙinsa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya je ya ce “ya ƙi tashi” da wanda ya ce “akwai wuta, mai yana isowa, matsi ne babu”. Na biyun ba a sayar masa da abin da bai lalace ba.

Wani uba ya taɓa tare ni a bakin makaranta, ransa a ɓace, ɗansa ya koma gida da baƙin mai a riga. Ya ce, “Malam, ban kawo shi lakwal don ya zama bakanike ba.” Na ba shi haƙuri kan rigar, amma na ce masa, “Alhaji, likitan da kake so ya zama, haka zai yi da marar lafiya: ya tambaya, ya duba, ya kawar da zato ɗaya bayan ɗaya.” Bai ce ya yarda ba. Na san dai abin da ke ransa, ya ga wahalar aikin hannu yana so ɗansa ya tsira daga gare ta. Sai dai shi kansa yana da inji biyu a lambunsa, kuma yaron nan ne zai gāje su.

Akwai abin da ba na sassautawa a kai. Yaro ba ya zuba mai, ba ya taɓa salansa, kuma ba a gwada wutar buji kusa da isansin da ya zube. Mafi haɗari shi ne al’adar saukar da inji cikin rami kusa da rijiya idan ruwa ya yi nisa, tunda ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, tana taruwa a ramin, mutum ya sauka ya kasa fitowa. Kada a aika yaro cikin irin wannan ramin, ko da an kashe injin yanzun nan. Kuma kafin a tayar da shi a cika cikin famfon da ruwa, don in ya yi gudu a bushe zai ƙona abin da ke hana yoyo.

Bana da za mu ajiye shi a watan Yuni, ƴan CM1 ne suka yi aikin, ina tsaye. Suka rufe famfon mai, aka bar inji yana gudu har ya mutu da kansa, muka tsiyaye ƙoƙon karbireta da tanki, muka zubar da ruwan cikin famfo, aka canza baƙin mai. Suka rubuta kwanan wata da abin da aka yi a wani kwali suka ɗaure a jikin igiya, aka lulluɓe shi da buhu.