Baƙo da Kawalan Sabon Gari

Da zarar an gama girbi, samarin ƙasar Buji sukan kama hanyar Birnin Kudu da Wudil su nufi Kano cin rani. Yaron da ya tashi a Gantsa, inda kowa ya san uban kowa, ya saba ɗaukar duk wanda ya riga shi sallama mutumin kirki ne. To, da wannan tarbiyya ce kawalan Sabon Gari suke cin abinci.

Ita dai Sabon Gari, wadda Turawan mulki suka keɓe wa 'yan kudu wajen 1913, ta daɗe da zama mattarar otal-otal da gidajen giya. Bayan lisha kawali kan tsaya a bakin titi yana karanta masu wucewa. Wanda ke waige-waige yana dafe da aljihu, shi ne nasa. Sai ya tare shi da fara'a: "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa? Ai mu ma mutanen can ne." Daga nan ya ja shi inda za a ninka masa kuɗin komai, domin a cikin ninkin ne kamashonsa yake. Wani lokaci ma lungu ake shiga da shi, a raba shi da guzurinsa.

Amma babban makamin kawali shi ne kunyar baƙon. Wanda aka cuta a kasuwar Kantin Kwari yana iya kai ƙara ido a bushe. Wanda aka cuta a ƙofar mashaya kuwa, wa zai faɗa wa? Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, tsoron Hisba ya ƙaru a kan tsoron surutun gida, sai bakin wanda aka zalunta ya ƙara rufuwa.

Abin lura, kawali kwaikwayon fatoma yake yi, wato mai masaukin da fatake kan sauka wurinsa a da, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Sai dai fatoma yana da zaure da suna. In ya ci amana, an san inda za a same shi. Shi ya sa tsofaffin 'yan cin rani sukan isa masaukin mutanen garinsu kafin magariba, su damƙa wa maigida kuɗinsu ajiya. In fitar dare ta kama, bibbiyu suke tafiya, kuma ba sa karɓar abin sha sai wanda aka buɗe a gabansu, bayan sun ji farashi.